Yadda robar waifa ta sa na biya kuɗin bijimi

1/
Jiya da yamma na ga hadari ya haɗo ta gabas, na farko a bana, sai na ji gabana ya faɗi. Kusan shekara biyu ke nan, duk ranar da na ga hadarin farko sai na tuna wata Lahadi a hanyar Ɗambatta. Yau dai bari in ba ku labarin. Zaren yana da tsayi, mai sauri ya ajiye ya dawo. 🧵

2/
Labarin waifa ne. Eh, waifar mota, wannan 'yar robar da ke share ruwa a gilashin gaba. Na san wani zai ce duk matsalolin ƙasar nan ka rasa abin yi wa zare sai waifa? Ka yi haƙuri ka karanta. Ni ma da haka nake ganinta, har ranar da ta koya min hankali.

3/
Ƙauyenmu yana ƙasar Makoɗa, arewa da Kano. Wanda bai san yankin ba, ya sani babu daji a wurinmu. Gona ce manne da gona, gero da dawa da gyaɗa, gida nan gida can, ƙauye na hango ƙauye. Duk 'yar tafiya kaɗan sai ka ga wata siririyar hanya ta fito daga cikin gonaki ta hau kwalta.

4/
Kuma kowace irin wannan hanya tana iya fito maka da komai. Akuya, yarinya da tallan gyaɗa, tsoho a kan keke, mai babur da buhu uku, amalanken shanu. Da damina in gero ya tashi, ba ka ganin abin da ke zuwa sai ya taka bakin titi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/
Ina da wata tsohuwar Golf, ni ne na uku ko na huɗu da ya mallake ta. A Kano nake aiki, ƙarshen mako ina zuwa gida. Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyensu da mota ya san motar ta tashi daga tasa. Ita ce motar asibiti, ita ce motar amarya, ita ce motar kasuwa. Ba a tambayarka ko akwai mai.

6/
A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Daga nan kowane mai tsohuwar mota ya koma lissafi: me zan gyara yau, me zai jira albashi. Taya, burki, batir, waɗannan su ke kan gaba. Waifa tana can ƙarshen layi, in ma tana cikin layin.

7/
Ruwan farko da ya same ni a cikin gari, na kunna ta. Ta yi wata ƙara, ƙiiiƙ, kamar ƙofar langalanga. Ta tafi tana tsalle-tsalle a kan gilashi, ta dawo ta bar zane-zanen ruwa, da wani fili daidai saitin idona da ba ta taɓa shi sam. Na ce ai ƙura ce, za ta washe.

8/
Da na je canjin baƙin mai, bakanikena ya ɗaga ta ya shafa da ɗan yatsa, ya ce, "Oga, wannan ta mutu fa. Ka ga ta fara rabuwa daga ƙarshe." Na ce bari a yi Sallah. Sallah ta zo ƙarshen Yuni, rago ya cinye abin da ya rage. Na ce bari a yi albashi.

9/
Zan faɗi gaskiya ko da za ku yi min dariya. A cikin wannan watan da na ce ba ni da kuɗin waifa, na sayi sabuwar sifika na saka a bayan motar. Kuɗinta ya sayi waifa sau uku. Don haka kar wanda ya tausaya min da maganar talauci. Raini ne kawai.

10/
To, Lahadin. Cikin Yuli ne, ranar kasuwar Ɗambatta. Na kai Inna ta yi sayayya, Kawu ya biyo mu zai duba farashin taki, sai ƙanwata. Mun so mu fito da la'asar, amma kun san kasuwa da dattawa, gaisuwa kaɗai awa guda ce. Ba mu kama hanya ba sai dab da magariba, gari ya riga ya yi baƙi ƙirin ta gabas.

11/
Iska ta fara, ta kwaso jar ƙasa ta watsa a gilashi. Na ja sandar feshin ruwa, ba ko ɗigo. Jarkar ta bushe tun hunturu ban cika ba. Sai yayyafi ya sauko a kan ƙurar, na kunna waifa, ta kwaɓa su ta shafe min gilashi da taɓo kamar mai yaɓen ɗaki.

12/
Daga nan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka rufe tagogi. Mutum huɗu a ciki, esi ya daɗe da mutuwa, nan da nan gilashin ya yi tururi ta ciki. Kawu ya ciro hankici yana goge min ta ciki, waifa tana damalmalawa ta waje, ni kuma na manna ƙirji da sitiyari ina leƙe ta wata 'yar kafa can ƙasa.

13/
Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana. Daga baya ta ce, "Kai wannan, ka tsaya mana ruwan ya tsagaita."
Na ce, "Inna saura kaɗan mu isa kwanarmu."
Ta ce, "To."
Wannan "to" ɗin har yau ina jin sa a kunnena.

14/
Ina tafiya wajen 60. A lokacin gani nake na rage gudu sosai. Daga baya na zauna na buga lissafin: kilomita 60 a awa, kusan mita 17 ke nan a kowace daƙiƙa ɗaya. Wato in ka yi daƙiƙa biyu ba ka ga gabanka ba, ka shafe sama da mita 30 a makance. Ni kuwa ban san daƙiƙa nawa na yi ba.

15/
Wata tirela ta taho ta ɗaya hannun da cikakkiyar fitila. A gilashi mai tsabta haske zai dame ka ne ya wuce. A gilashin da waifa ta shafe da maiƙo da laka, hasken tarwatsewa yake, gaba ɗaya gilashin ya koma fari fat. Tirelar na wucewa ta watso min ruwan titi. Waifa ta je ta dawo, ban ga komai ba. Ta sake zuwa.

16/
A zuwa na uku na ga ƙaho. Amalanken shanu ne, ya taso daga kasuwa shi ma, yana tsallaka titi zai shiga hanyar ƙauyensu. Irin hanyoyin nan da na ce ku riƙe. Na danne burki, motar ta ja a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, na ji wani "dum" da ban taɓa jin irinsa ba. Inna ta ɗauki salati.

17/
Akwai yaro a kan amalanken. Bai wuce shekara 12 ba.

18/
Na fito cikin ruwa ƙafafuna ba sa ɗaukata. Amalanken ya karkace, buhunan taki sun zube, bijimi ɗaya a tsaye yana fizgar karkiya, ɗayan a kwance yana ƙoƙarin tashi yana komawa. Yaron ban gan shi ba. Wallahi a wannan 'yan daƙiƙun na gama ganin kaina a kotu, na gama ganin mahaifiyarsa.

19/
Sai ga shi ya miƙe daga cikin kwatar bakin titi, jikinsa duk laka, gwiwar hannu ta kurje, goshi ya ɗan fashe. Bai kalli ciwonsa ba ma. Wurin san ya ruga, ya rungume wuyansa yana kuka yana cewa Baba zai kashe shi. Inna ta cire mayafinta ta ɗaure masa goshi.

20/
Muka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki uku. Alhamdulillah, iyakar abin da ya same shi ke nan. Ina rubuta wannan ina sane da cewa tazarar da ke tsakanin ƙafar sa da jikin yaron ba ta kai tsawon hannuna ba.

21/
San kuwa ƙafar baya ta karye. Mutanen birni ba lallai ku gane nauyin wannan ba, bari in bayyana. Sa mai wannan girman in ƙafarsa ta karye haka, ba a zaman jiran ɗori. Yankawa ake yi tun yana da rai kar ya zama mushe. A daren aka kira mahauta, su kuma sun san mai shi ba shi da zaɓi, suka saya yadda suka ga dama.

22/
Kuma ba san kiwo ba ne, san huɗa ne. Cikin Yuli, lokacin da kowa ke neman garma. Da waɗannan shanun biyu dattijon yake huɗe gonarsa, ya yi wa mutane ƙodago ya sami na cefane, ya kai taki gona, ya ɗauko amfani da kaka. Ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai. Ko ka sayo sabo, sai an hore shi ya saba da ɗan'uwansa, damina kuwa ba ta jira.

23/
Washegari muka zauna a zauren mai unguwarsu, ni da Kawu da dattijon. Na shirya jin zagi. Ya dube ni ya ce, "Samari, ƙaddara ce. Da yaron ne fa?" Na ce, "Baba, ku yafe ni." Ya ce ya yafe. Shi ma ya amsa cewa bai kamata a bar yaro da shanu a titi da duhu ba, babu ko tocila.

24/
Da sai in laɓe a nan in ce laifin na kowa ne. Amalanke ba fitila, tirela ta kashe min ido, ruwa ya yi yawa. Duk gaskiya ne. Amma ni kaɗai a zauren na san an ce min waifata ta mutu wata biyu da suka wuce, kuma an ce min in tsaya minti biyar kafin abin ya faru. Kawu ya kalle ni, na sunkuyar da kai.

25/
Aka yanke cewa zan cika abin da ya rage tsakanin kuɗin mahauta da kuɗin sabon sa, kuma zan biya a huɗe masa gonarsa ta bana. Ba zan faɗi adadin ba. Abin da zan ce, ya sayi waifa fiye da ɗari, kuma sai bayan kaka na gama biya. Ban sa gyaran fitila da bonet a lissafin ba. Sifikar nan ita na fara sayarwa.

26/
Da na kai motar gyara, bakanikena bai ce "ai na gaya maka" ba, Allah ya saka masa. Ya cire waifar ya miƙo min. Robar ta yi tauri kamar busasshiyar fata, bakinta ya lanƙwashe gefe ɗaya, ƙarshenta ya tsage ya kai tsawon ɗan yatsa. Ya ce, "Oga, ba damina ce ta kashe ta ba. Tun rani ta mutu, damina gawarta kawai ta nuna maka."

27/
Wannan maganar ita ce dalilin zaren nan. A tunanin yawancinmu waifa tana ƙarewa ne saboda aiki, tunda kuwa wata bakwai ba ta aiki, daga Oktoba zuwa Afrilu, ai tana nan sabuwa. A ƙasarmu abin a juye yake. Watannin da take kwance su ke cinye ta.

28/
Roba ce, kuma abokan gabar roba rana da zafi. Ka tuna Afrilun Kano, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, gilashin motar da ke tsaye a rana kuwa ko hannu ba ka iya ɗorawa. A kansa robar take kwance, sifirin yana danne ta, kullum, wata da watanni. Tana bushewa, ta yi ƙananan tsaga, bakinta ya sandare a karkace.

29/
Bakin nan shi ne komai. Waifa mai lafiya bakinta siriri ne mai kaifi, yana juyawa: in ta tafi ya kwanta gefe ɗaya, in ta dawo ya kwanta ɗaya gefen. Da zarar ya ƙi juyawa, shi ne za ka ji tana kuka tana tsalle. Ƙarar nan da muke ƙara sautin waƙa don kar mu ji ta.

30/
Sai hazo. Ƙurar hunturun da ke rufe mu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda wani ƙaton tafki ya ƙafe tun zamanin da. Iska na ɗaukar ta har ta tsallaka teku ta kai dajin Amazon. To ita ce ke kwana a gilashinka. Laushi gare ta a hannu, amma a tsakanin roba da gilashi aikin samfefa take yi.

31/
Mu kuma me muke yi da safe in muna sauri? Mu kunna waifa a bushe ta ture ƙurar. Kowace tafiya tana cin bakin robar, tana kuma karce gilashin. Ka duba tsofaffin motocin haya a tasha da rana, za ka ga zane kamar baka a gilashinsu, daidai inda waifa ke bi. Wannan ba ya wankuwa. Da dare shi ke tarwatsa maka hasken motar da ke tahowa.

32/
Tawa ma da shi. Ƙarfen ya riga ya fara taɓa gilashi ta inda robar ta tsage. Har yau zanen yana nan, ban sami kuɗin canja gilashi ba, kuma wani ɓangare na zuciyata ba ya son a canja.

33/
Yanzu ga abin da nake yi, wanda ya ga zai amfane shi ya ɗauka. Ba na jiran ruwan farko ya gwada min. Ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, da na ga manoma sun fara sharar gona suna kai taki, nake canjawa. Masu ƙera ta kan ce wata 6 zuwa shekara. A ranarmu da ƙurarmu, ni shekara ita ce iyaka, kuma lokacin canjin ya fi adadin watannin muhimmanci.

34/
Don in ka sa sabuwa a Oktoba, ka ba rani kyauta ne. In ka sa a Mayu, za ta shiga Agusta, watan da ruwa ya fi yawa, da ƙarfinta.

35/
Gwajin ba ya cin minti biyu. Ka wanke gilashi, ka watsa masa ruwa, ko fiya wata ɗaya ya isa, ka kunna. In ta share tas a tafiya ɗaya ba ƙara, lafiya lau. In ta bar layi-layi, ko ta tsallake wani wuri, ko ta bar hazo-hazon da ke ɗaukar lokaci kafin ya washe, ka ɗaga ta ka bi bakin da yatsa. Za ka ji kaushi ko tsaga.

36/
Wani lokacin datti ne kawai. Ka sami tsumma mai laushi da ruwa ka goge bakin robar, za ka sha mamakin baƙin da zai fito. Hayaƙin gas na manyan motoci yana barin maiƙo a gilashi, ƙwarin damina suna fashewa a kai, in kuma ƙarƙashin dalbejiya kake fakin, ga kashin tsuntsu. In ka goge duka biyun ba ta canja ba, ta gama.

37/
Jarkar ruwan nan ta ƙarƙashin bonet, don Allah ku cika ta. A daren nan da akwai ruwa a tawa, da ƙurar farko ba ta zama taɓo ba. Ruwa mai tsabta, ba na kududdufi ba. In 'yan hudojin feshin sun toshe, allura ta isa. Masu zuba Omo da yawa, yana kumfa, yana toshe hudojin, in ya bushe ya bar fari a gilashi.

38/
Na ga direbobi da dabaru kala-kala. Mai murza taba sigari a gilashi, mai goga albasa, mai shafa sabulu wai ruwa ya riƙa zamewa. Ban raina su ba, talauci ne ya koya musu, kuma wata dabarar takan kai mutum gari na gaba. Amma wanda ya ce ka shafa wa robar fetur ko man burki don ta yi laushi, kar ka bi shi. Fetur na cin roba, man burki na cin fenti.

39/
Wajen saye. Ta direba da ta fasinja a motoci da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, da inci ake aunawa, kuma maƙalin ma kala-kala ne. Mafi sauƙi ka cire tsohuwar ka tafi da ita. Ni Ƙofar Ruwa nake zuwa in sa a ciro min daga kwali, in lanƙwasa robar da hannuna in ga ta dawo.

40/
Wadda ta ci amanata a gosulo na saye ta, hannun wani mai yawo da su a rana, an rataye su ba kwali. Ban ga laifinsa ba, neman abinci yake. Amma robar da ta yi watanni tana shan rana a kafaɗar mutum ta tsufa kafin ta hau motarka. Haka ma ta Beljiyam. A injin ko giya "Beljiyam" yabo ne. A roba, tsohuwa ce kawai da ta sha sanyin wata ƙasa.

41/
In za ka saka da kanka, ka shimfiɗa kwali ko tsumma a gilashi tukuna. Hannun ƙarfen nan akwai sifirin a jikinsa, in ya kuɓuce maka ba roba, zai iya fasa gilashin nan take. In kuma ka sa sabuwa amma har yanzu tana barin wuri, ko tana ɗagawa in ka yi gudu, a duba sifirin ɗin, shi ma yana gajiya.

42/
Wasu kan ɗaga waifa tsaye in sun yi fakin a rana. Ni ba na yi. A ƙauyenmu in ka bar ta a tsaye, kafin ka idar da sallah yara sun mayar da ita abin wasa. Inuwa nake nema, in babu in sa kwali a ƙarƙashinta. Da safe kuma kafin in taɓa sandar, sai na kaɗe ƙurar na zuba ruwa.

43/
Bayan abin ya faru na shiga karance-karance a kanta, irin na wanda abu ya dama. Ashe wata mata ce 'yar Alabama a Amurka, Mary Anderson, ta yi rajistar ƙirƙirarta a 1903. Ta je New York da sanyi, ta ga direban taragon cikin gari yana fama da ƙanƙara a gilashi, sai ya buɗe taga kafin ya ga hanya. Ta kai wa 'yan kasuwa, suka ce abin ba shi da amfani.

44/
Na yi dariya da na karanta, don ashe raina waifa tsohon ciwo ne, ba ni na fara ba. Wannan kuma da take sharewa ta ɗan tsaya ta sake, wani injiniya ne a Detroit, Robert Kearns, ya ƙirƙiro shi. Ido ɗaya gare shi mai gani sosai, ya yi tunanin me zai hana waifa ta yi aiki kamar ƙiftawar ido. Ya yi shekaru yana shari'a da Ford, a 1990 suka biya shi sama da dala miliyan 10.

45/
Ƙiftawar ido. Tun da na ji wannan na daina kallonta a matsayin kayan ado. Muna kashe kuɗi a kan abin da mutane za su gani a motarmu, rim, tintak, fitilu masu launi. Muna gyara takardu saboda jami'an hanya. Abin da mu za mu gani da shi kuwa sai a ce bari a yi albashi.

46/
Kuma ko sabuwa fil ce, akwai ruwan da ya fi ƙarfinta. In ka sa ta a gudun ƙarshe ba ka ganin gefen titi, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana, ka kunna fitilun gargaɗi ka jira. Irin ruwan nan mai iska sau da yawa ba ya daɗewa yake sassautawa. Wanda ya same mu, kafin mu isa asibiti ya koma yayyafi. Abin da Inna ta ce ke nan tun farko.

47/
Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai tun daga ranar, in za ta shiga motar da damina, takan tsaya ta gaba ta ɗan dubi gilashin, ta ce, "Kai wannan, abin share ruwan naka yana aiki?" In ce yana yi. Ta ce, "Kunna in gani." Sai na kunna ta gani sannan ta shiga.

48/
Dattijon ya sayi wani sa, ja, ƙarami a kan na da. Sai damina ta biyu ya saba da garma sosai. Muna gaisawa in mun haɗu ranar Lahadi, har ya taɓa aiko wa Inna da gyaɗa. Yaron ya yi tsawo, tabon yana nan a goshinsa saman girar hagu. In ya gan ni yakan yi murmushi ya ce, "Yaya, ya mota?"

49/
Makon jiya na canja ta bana. Na sayi biyu-biyu, saiti ɗaya nawa, ɗaya na ba wani maƙwabcinmu mai Sharon da ke jigilar Ɗambatta zuwa Kano, don na ga tasa an ɗaure ta da robar tayar keke. Ya karɓa ya yi godiya, ya buɗe aljihun gaban mota ya jefa, ya ce zai saka in damina ta kankama.

50/
Na ce masa a'a, fito da ita. Muka saka a nan ƙofar masallaci, ni na riƙe ƙarfen shi yana turawa, yaransa na tsaye suna kallo. Na aiki ɗaya ya sayo fiya wata biyu muka gwada.